Shekara uku kafin mutum ya sa hannu a fayil ɗin yaro, ni dai ban ga yawansu ba

Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in san wai akwai wani aiki da ake kira masanin halayyar ɗalibai, wanda wasu ke cewa saikolojis ɗin makaranta, kuma ranar da aka ce min sai mutum ya gama digirin farko sannan ya ƙara shekara uku cur kafin a ba shi lasisin yin aikin, dariya na yi har da riƙe ciki. Shekara uku? Don kawai a zauna da yaro a wani ɗan ofis a ba shi 'yan katako ya jera, a tambaye shi me ya haɗa doki da saniya? Ni da nake tsaye a gaban yara tun safe har a tashi, na san mai ƙoƙari na san wanda kansa ba ya ja, ba wanda ya ce sai na yi mastas kafin in gane wannan. Haka nake gani a lokacin, kuma na san malamai da yawa har gobe haka suke gani, shi ya sa nake so in faɗi abin da ya sauke ni daga kan wannan ra'ayi.

Akwai wata yarinya a ajina, shekararta takwas. Ka kira sunanta sau uku kafin ta ɗago, ka ba da umarni kowa ya buɗe shafi kaza ita sai ta leƙa littafin na kusa da ita tukuna, in ana shifta kuwa abin da take rubutawa ko kama da abin da na faɗa bai yi ba. Wata rana ta yi kamar ta farfaɗo, sati na zagayowa ta koma gidan jiya. Da na gaji sai na cike fom ɗin neman a duba ta, kuma da hannuna na rubuta cewa yarinyar ba ta fahimta, ƙwaƙwalwarta tana baya da ta sa'o'inta. Ban rubuta da mugunta ba wallahi, iyakar abin da na gani kenan.

Wadda aka turo mana ɗaliba ce a shekararta ta ƙarshe, tana aikin sanin makamar aiki, akwai wata dattijuwa da ke duba aikinta tana zuwa sau ɗaya a sati. Abin da ya fara ba ni haushi, ba ta ma taɓa yarinyar ba, kwana biyu ta yi zaune a bayan ajina da ɗan littafi tana rubuce-rubuce, har na fara zargin ni aka zo dubawa. Sai a rana ta uku ta ɗauke ta zuwa ofis ta yi mata gwajin, da agogon ƙidayar sakan a hannu da waɗannan katakon masu fari da ja. Makin ya fito ƙasa sosai. Ta zo ta ce min, Malam, da alama maganarka ce ta fito, amma bari malamata ta gani kafin in rubuta komai. Ina zaune a ɗakin malamai lokacin hutu dattijuwar ta iso, ta sa gilashi ta bi takardar da yatsa, ba ta ko kalli jimillar makin da ke ƙasa ba. Ta ce duk inda aka yi wa yarinyar tambaya da baki ta faɗi, duk inda aka ajiye mata abu ta gani da ido ta yi daidai da yaran shekarunta, sai ta ɗago ta ce wa ɗalibar, 'yata, wane kunne take juyo miki in kina magana? Ɗalibar ta yi shiru, ta buɗe ɗan littafin nan nata, ashe ita da kanta ta rubuta wuri-wuri cewa yarinyar tana karkata kai gefe ɗaya tana kuma kallon bakin malam. Ta gani, ta rubuta, ba ta dai haɗa biyun ba. Da aka kai yarinyar asibiti sai aka tarar ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, abin da yake samun yara ƙanana da yawa, ji ya ragu yau ya ɗan dawo gobe, shi ya sa nake ganin kamar wani satin tana ƙoƙari wani satin tana wasa.

To ka ga, ni mai shekaru a aji ban gano ba. Ɗalibar da ta yi shekara biyu tana lakca ta tattara duk abin da ake bukata amma ita ma saura ƙiris ta buga wa yarinyar tambarin da zai bi ta har sakandare. Abin da ya tsaya tsakanin yarinyar nan da wannan tambari shi ne tsarin da ya ce ɗaliba ba ta isa ta sa hannu ita kaɗai ba sai wani gogagge ya duba. Kuma wannan shekarar ce, ta aiki a ƙarƙashin idon wani, masu cewa a taƙaita karatun suka fi sa wa ido.

Shi gwajin kansa ba wani tashin hankali ba ne, duk mai natsuwa zai iya koyon yadda ake gudanar da shi cikin 'yan makonni, ka karanta umarnin kalma da kalma yadda aka rubuta, ka danna agogo, ka duba tebur, wato jadawalin da ke cikin littafin gwajin, ka fitar da maki. Gwajin da aka fi amfani da shi ga yara, wanda David Wechsler ya fitar a 1949 ake ta sabunta shi, an tsara shi ne yadda matsakaicin maki zai zama 100, kuma in yaro ya faɗo wajen 70 ko ƙasa ake fara maganar naƙasar ƙwaƙwalwa. Amma wanda bai yi karatun ba shi ne zai ga 68 ya ɗauka kamar awon tsayi ne da aka yi da tef. Kowane maki yana da kuskuren awo a jikinsa, yaron da ya ci 68 yau yana iya cin 73 wani satin ba tare da komai ya canza a kansa ba, kuma ko makin ya tabbata ƙa'ida ba ta yarda a yanke hukunci da shi kaɗai ba sai an duba yadda yaron yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum. Ga kuma maganar su wa aka gwada aka fitar da wannan 100 ɗin, yaran wace ƙasa, masu wane yare, a wace shekara, don an lura makin jama'a yana ta hawa da kusan maki uku duk shekara goma a ƙarnin da ya wuce, ma'ana tsohon tebur ƙarya zai yi maka. Wannan lissafin da ɗalibai suke ƙi kamar me, shi ne yake koya wa mutum ya ji tsoron lambar da ke hannunsa.

Abin mamaki wanda ya ƙirƙiro abin tun farko ya ji wannan tsoron. Alfred Binet da abokin aikinsa Simon sun fitar da gwajinsu a Faransa a 1905, a lokacin da hukuma ke neman hanyar gane yaran da suke bukatar ƙarin taimako a makaranta, kuma Binet ya yi ta jan kunne cewa basira ba abu ba ce da aka yanka wa mutum ba ta ƙaruwa. Ya mutu a 1911, gwajin ya tsallaka Amurka, sai aka mayar da shi mizanin jera mutane daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya biyo baya yana nan a kundin kotu. A Kalifoniya a 1970 an yi ƙarar da ake kira da sunan Diana, yara tara 'yan asalin Meziko da aka yi wa gwaji da Turanci alhali Sifaniyanci suke yi a gida, aka zuba su a ajin masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Da aka samu mai jin yarensu ya sake gwada su, yawancinsu suka haye layin. A 1979 kuma a shari'ar Larry P., a jihar dai, alƙali ya hana a yi amfani da irin wannan gwaji wajen tura yara baƙar fata irin waɗancan azuzuwa, saboda an cika su da su fiye da kima. Waɗanda suka yi wa yaran nan gwaji ba 'yan damfara ba ne, ma'aikata ne da takardunsu, sun bi umarnin littafi daidai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, yaron da ba a gwada ba yana nan a matsayin wanda ba a sani ba, wanda aka gwada ba daidai ba kuwa kowa ya ɗauka an san shi, ba mai sake tambaya.

Yanzu dubi yadda karatun yake a inda aka fi tsara shi. A Amurka ƙungiyar masu wannan sana'a, NASP, wadda aka kafa a 1969, ta sa mafi ƙarancin abin da za a yi shi ne shekara uku bayan digirin farko, kwasa-kwasai na aƙalla kiredit 60 (ma'aunin da jami'a ke ƙirga yawan karatu da shi), sannan aikin sanin makama na awa 1,200 wanda dole aƙalla 600 daga ciki a cikin makaranta aka yi su. Mai son digirin digirgir zai ƙara wasu shekarun. A Ingila kuwa tun 2006 suka mayar da shi digirin digirgir na shekara uku, kafin nan sai ka zama malami ka koyar tukuna sannan ka yi mastas na shekara ɗaya. Abin da ake cusawa a cikin shekarun nan ba gwaji kaɗai ba ne, akwai yadda yaro yake girma da yadda yake koyon karatu, da dokokin ilimin yara masu bukata ta musamman, da yadda za ka zauna da malami ku gyara halin yaro ɗaya da ya hana aji zaman lafiya, da abin da za ka yi ranar da ɗalibi ya ce maka ya gaji da rayuwa, ko ranar da aka wayi gari wani ɗan aji ya rasu yara suka zo suka tarar da kujerarsa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa ko damuwa, to ina yaran nan suke yini in ba makaranta ba?

Masu cewa a rage shekarun ba shirme suke yi ba, gaskiya suna da hujja kuma mai nauyi ce. NASP ɗin da kanta cewa ta yi kamata ya yi masani ɗaya ya kula da ɗalibai 500, amma a Amurka da duk kuɗinta abin ya haura ɗalibi dubu kan mutum ɗaya, a wasu jihohin ma ya ninka haka. A Ingila gurbin karatun da gwamnati take ɗaukar nauyi kimanin 200 ne a shekara, masu nema kuwa sun ninka haka sau da yawa, iyaye na jiran watanni kafin a duba musu yaro. A ƙasashe da dama ma maganar babu ita kwata-kwata. Yaron da yake jira ba tsayawa yake yi ba, girma yake yi, shekarar da ya kamata ya koyi karatu tana wucewa, don haka in wani ya ce min gara mai rabin horo yau da cikakken gwani bayan shekara biyu, na fahimce shi sarai, ni ma na zauna da yaro a aji ina jiran wanda bai zo ba.

Inda na rabu da su shi ne, ban yarda tsawon shekarun ne yake korar mutane ba. Likitanci ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba kuma layi ake yi. Abin da yake korar su aljihu ne. Ɗalibar nan da na ba ku labari, daga safe har yamma take aiki kamar kowane ma'aikaci, ta koma gida ta kwana tana rubuta rahoto, abin da ake ba ta ko kuɗin haya bai kai ba, ga kuɗin makaranta tana biya a kan hakan, kuma ta ce min a cikin 'yan ajinsu akwai waɗanda ko wannan ɗan alawus ɗin ba sa samu, wasu sun ajiye karatun a shekara ta biyu. Wa zai iya shekara uku haka? Wanda iyayensa ke da hali, ko wanda ba kowa a wuyansa. Malamar da ta yi shekara goma a aji, mai 'ya'ya uku, wadda ta san yara kamar tafin hannunta kuma take jin yaren da iyayensu suke ji, ita ce ta fi cancanta da aikin nan kuma ita ce tsarin ya fara rufe wa ƙofa. Sai a zo ana kukan babu ma'aikata, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. In da gaske ake, a biya shekarar aikin nan albashi na mutunci, a bar malami ya ci gaba da karɓar albashinsa yana karatun da yamma ko ƙarshen mako da sharaɗin zai dawo ya yi wa makarantun da suka ɗauki nauyinsa aiki, wasu gundumomi a Amurka sun fara irin haka. A kuma rage wa gogaggun nauyi su samu lokacin duba ɗalibai, don dattijuwar nan sata take yi daga lokacin nata aikin kafin ta zo mana.

Kar kuma a ɗauka ina cewa karatun yadda yake ya yi daidai, ina da ƙorafi a kansa sosai. Na farko ban ga dalilin da za a ce sai kowa ya yi digirin digirgir ba, mai son bincike ko koyarwa a jami'a ya je ya yi, amma don duba yaro ɗan aji biyu shekara ukun nan sun isa, kuma ina ganin Ingila ta yi asara da ta cire sharaɗin sai ka taɓa riƙe aji. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara ana saura minti goma a tashi ba, shi ne zai rubuta maka shawara cewa a riƙa zama da yaron shi kaɗai na minti ashirin kullum, ka karanta ka rasa dariya za ka yi ko kuka, sauran yaran fa wa zan bar wa? Sannan tun da Amurka ta yi dokar 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa da tantance su, doka ce mai kyau ba musu, amma ta mayar da yawancin masanan nan injin gwaji, daga wannan fayil sai wancan, an koya musu abu goma suna yin ɗaya. Aikin ya samo asali ne daga wani abu mai sauƙi, a 1896 wata malama ta kai wa wani masanin halayyar ɗan Adam, Lightner Witmer, a jami'ar Pennsylvania wani yaro da ya kasa iya haɗa haruffa, tambayar ita ce me za mu yi masa. Yanzu tambayar ta koma wane rukuni za mu sa shi.

Babban abin da na ga ba a koyar da shi yadda ya kamata kuwa shi ne magana da iyaye. Ranar da aka kira mahaifiyar yarinyar nan ina wurin. Ta zo ta zauna a bakin kujera kamar wadda aka kira ofishin 'yan sanda, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Ɗalibar ta buɗe rahoto shafi kusan goma ta fara karantowa, ma'aunin kaza ya nuna kaza, tazara tsakanin fahimtar baki da ta ido ta kai kaza, duk gaskiya ne kuma ta sha wahala kafin ta haɗa shi, amma ina kallon fuskar uwar tana ƙara duhu, don ita duk abin da take ji shi ne an tara malamai a kan 'yarta. Can ta katse ta a hankali ta ce, Malama, don Allah ki faɗa min kawai, 'yata tana da hankali? Ɗalibar ta daburce ta fara neman shafin da amsar take. Dattijuwar ce ta miƙa hannu ta rufe rahoton ta ce, Maman yarinya, hankalinta ƙalau, ba ta jin mu ne sosai, ku kai ta a duba kunnen, mu kuma daga gobe za mu dawo da ita layin gaba. Matar ta sauke wata ajiyar zuciya da har yau ina jin ta. Bayan ta fita ɗalibar ta ce wa malamarta, a duk kwasa-kwasan da ta yi ba wanda ya taɓa sa ta gwada faɗin sakamako ga uwa a cikin jimla biyu. Wannan ba a lakca ake samunsa ba, sai ka zauna kusa da wanda ya iya ka ga ya yi, ka gwada ka kwafsa a gabansa ya gyara maka kafin kwafsawar ta kai ga wani.

Na mayar da yarinyar gaba, na koyi juyowa in fuskance ta kafin in yi magana in daina ba da umarni ina rubutu a allo, ta sha magani an ci gaba da bibiyar kunnen, kafin ƙarshen zango shiftarta ta fara kama da ta mutane. Ba ta zama ta ɗaya a aji ba, tsaka-tsaki take kamar yawancin yara. Daga baya na je ofis na roƙi a cire fom ɗin nan da na cike daga fayil ɗinta, aka ce ba a cire takarda in ta riga ta shiga, sai dai rahoton ɗalibar mai sa hannu biyu, nata da na malamarta, an maƙala shi a sama. Duk wanda ya buɗe shi zai fara gani, amma in ya ɗaga shafi goman nan rubutuna yana nan a ƙasa da kwanan wata da sa hannuna.